Kafin a Raba wa Ɗalibai Fom ɗin Gwajin Ciwon Damuwa

A galibin jami'o'in Najeriya, sabon ɗalibi ba ya kammala rajista sai ya bi layin asibitin makaranta. A auna tsawonsa da nauyinsa, a ɗebi jini da fitsari, a duba rukunin jininsa da ko yana ɗauke da sikila, wasu wuraren har hoton ƙirji ake ɗauka saboda tarin fuka. Amma da wuya a samu wanda zai tambaye shi yadda barcinsa yake, ko zuciyarsa na cikin ƙunci, ko ya taɓa jin rayuwar ta fita masa a rai. Alhali ciwon damuwa na cikin cututtukan da suka fi durƙusar da matasa masu waɗannan shekaru. Shi ya sa likitoci da masu bincike da dama ke kiran a riƙa tantance ɗalibai ta hanyar 'yan tambayoyi, tun kafin abu ya ci tura. Ina goyon bayan wannan kira, amma da sharaɗi guda wanda ban ga dalilin sassauta shi ba: jami'ar da ba ta tanadi wanda zai zauna da ɗalibin da gwajin ya nuna yana cikin matsala ba, kada ta raba fom ko ɗaya.

Ciwon da ake magana a kansa ya wuce ɓacin ran da kowa ke ji idan ya faɗi jarrabawa ko ya rabu da wadda yake so. Likitoci na kiransa ciwo ne idan ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai ya ɗauki aƙalla mako biyu kusan kullum, ya zo da wasu alamu, kuma ya hana mutum gudanar da harkokinsa. A ɗakin kwanan ɗalibai abin yakan fara ne a hankali. Ɗalibin da ba ya fashin laccar ƙarfe takwas ya koma sai rana ta take yana kwance, fuskarsa na kallon bango. Abincin da abokin ɗakinsa ya ajiye masa ya huce a leda. Ya buɗe takardar karatu ya yi awa guda a shafi ɗaya, ya rufe bai riƙe komai ba. Idan mahaifiyarsa ta kira ya bar wayar ta yi ta ƙara, domin ya san za ta tambayi karatu. Abokai su ce ya zama malalaci ko girman kai ya shige shi, shi kuma in an matsa masa ya ce zazzaɓi ne ko ciwon kai. Sau da yawa da wannan ƙorafin yake zuwa asibitin makaranta, a ba shi maganin maleriya ya koma, ya sake dawowa bayan mako uku da ƙorafi iri ɗaya. Makaranta ba ta sanin akwai matsala sai sakamako ya fito ya faɗi kwasa-kwasai huɗu ko biyar.

Alƙaluman da ake da su sun isa su sa a ɗauki lamarin da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun wata kulawa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya haura shekara 24, wato daidai shekarun jami'a. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan ɗaliban likitanci a ƙasashe fiye da 40, ta samu kimanin kashi 27 cikin 100 na da alamun ciwon, kashi 11 sun yi tunanin halaka kansu, amma kashi 16 kacal na masu alamun ne suka nemi magani. A nan gida, Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun yi wa ɗalibai 1,206 tambayoyi irin na likita a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, suka wallafa a 2006 cewa kashi 8.3 cikin 100 na da ciwon, kashi 2.7 kuma nasu mai tsanani ne. Matsalar wurin kwana na cikin abubuwan da suka samu suna tafiya tare da shi. Tazarar da ke tsakanin kashi 27 da kashi 8 ba ƙarama ba ce, kuma wani ɓangare nata ya samo asali ne daga bambancin cike fom da zama gaban likita, abin da ya kai mu ga ainihin kayan gwajin.

Fom ɗin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne PHQ-9, wanda Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams suka wallafa gwajin ingancinsa a 2001. Shafi ɗaya ne, tambaya tara, kuma kyauta ake amfani da shi. Yana tambayar mutum sau nawa cikin mako biyun da suka wuce ya ji rashin sha'awar abubuwa, ƙuncin zuciya ko yanke ƙauna, matsalar barci, kasala, rashin ci ko yawan ci, ganin kansa a matsayin wanda ya gaza, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, sai ta taran, tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Kowace amsa na da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma yawanci wanda ya kai 10 ne ake cewa a sake duba shi. Cike shi ba ya wuce minti biyar. Adewuya da tawagarsa sun gwada shi a kan ɗaliban Ile-Ife a 2006, suka tabbatar yana aiki a tsakanin ɗaliban Najeriya. Saboda haka babu wanda zai ce kayan aikin ne babu, ko tsada gare shi. Wannan sauƙin ne ma ke sa ni fargaba, domin abin da za a iya bugawa a raba a yini ɗaya yakan ba hukuma damar cewa ta yi wani abu, ko da ba ta yi komai ba.

Mu ɗan yi lissafi, domin a nan ne yawancin masu doki suke tuntuɓe. Wani nazari da Brooke Levis da Brett Thombs da wasu suka wallafa a 2019, wanda ya haɗa bayanan dubban mutane, ya nuna a kan maki 10 fom ɗin na gano kusan 88 cikin kowane mutum 100 masu ciwon, amma yana kuma nuna kusan 15 cikin kowane 100 marasa ciwon kamar suna da shi. A ɗauka an gwada ɗalibai 1,000, kuma 100 daga cikinsu na da ciwon da gaske. Fom zai kama 88, ya tsallake 12. Daga cikin 900 masu lafiya kuma zai ɗaga 135. Waɗanda za a kira sun zama 223, kuma fiye da rabinsu ba su da ciwon. Jami'a mai ɗalibai 40,000 za ta wayi gari da kusan mutum 9,000 da kowannensu ke buƙatar a zauna da shi a tantance. Ba laifin fom ba ne, haka kowane gwajin share fage yake. Ɗalibar da ke fama da ƙarancin jini, da wanda bai gama farfaɗowa daga taifod ba, da wanda ya kwana bakwai yana karatun dare saboda jarrabawa, duk za su amsa cewa suna jin kasala, barcinsu ya lalace, cin abinci ya ragu. Levis da Thombs ɗin nan sun nuna a 2020 cewa inda fom ya ce kashi 25 cikin 100, hirar likita kashi 12 ta samu. Don haka idan mai karatu ya ga kanun labari cewa rabin ɗaliban wata jami'a na fama da ciwon damuwa, ya fara tambaya ko fom aka cike ko likita ne ya duba. Akwai kuma haɗari na daban: fom ɗin ba ya bambance ciwon damuwa da cutar da ke sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi mai wuce kima, kuma irin wannan mara lafiya in aka ɗora shi a kan maganin damuwa shi kaɗai, yana iya birkicewa. Babu wanda ya kamata a ba ƙwaya saboda maki kawai.

Ko a ƙasashen da ke da wadatar likitoci ba a yi ittifaƙi ba. Kwamitin ƙwararru da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya amince da tantance manya a 2016, ya sake jaddadawa a 2023, amma ya ɗaure shawarar da samun tsarin da zai tabbatar da cutar, ya yi magani, ya kuma bibiyi mara lafiya. Takwaransa na Kanada a 2013 ya ce kada a riƙa yi wa kowa da kowa, domin bai ga hujjar cewa gwajin shi kaɗai na sa mutane su warke ba. Kwamitin Birtaniya ma bai amince da gwajin gama-gari ba. Idan aka duba da kyau, saɓanin nasu bai kai yadda ake zato ba, domin duka sun yarda cewa amfanin yana cikin abin da ya biyo bayan gwajin. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce, tana cikin sharuɗɗan da Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1968: kada a fita neman cuta a jikin masu ganin lafiyarsu ƙalau sai akwai wurin tabbatar da ita da kuma maganinta. Ɗalibin da aka ce masa makinsa ya yi sama, sannan aka bar shi da takarda a hannu babu inda zai kai ta, an ƙara masa nauyi ne a kan wanda yake ɗauke da shi, kuma gobe ba zai sake faɗin gaskiya ba.

A nan ne wani zai ce to ai magana ta ƙare, tunda Najeriya ba ta da likitocin. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa waje. Binciken da Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya samu cewa cikin masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai suka samu kulawa a shekarar da ta gabata. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri suna fama da nasu cunkoson, kuma ɗalibin da aka ce ya je ɗaya daga cikinsu saboda rashin barci zai gwammace ya haɗiye ciwonsa. Sai dai wannan hujja ta ginu ne kan zaton cewa likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke iya aikin, kuma an gwada an ga ba haka ba ne. A Harare ta Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, yawancinsu dattawan mata, su zauna da mutane a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 ne suka rage da alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kusan rabi ne. A Jihar Oyo ma, gwajin da Gureje ya wallafa a 2019 ya nuna ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar sun kula da masu ciwon har kusan kashi uku cikin huɗu suka samu sauƙi cikin shekara. Jami'a kuwa ta fi kowace unguwa gata a wannan fanni. Tana da asibiti da ma'aikatan jinya, tana da sashen jagoranci da ba da shawara, da yawa suna da sashen nazarin halayyar ɗan'adam, manyan kamar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo kuma suna da asibitocin koyarwa masu sashen ƙwaƙwalwa. Abin da ya rage shi ne a horar da su, a haɗa su a layi ɗaya, a san wa zai ga ɗalibi da farko, wa zai karɓa in abin ya fi ƙarfinsa, kuma wace lamba za a kira da tsakar dare.

Bayan tanadin wanda zai zauna da ɗalibi, sirri shi ne abu na biyu, kuma a wurinmu yana iya fin na farko nauyi. Ɗaliba ta san idan magana ta fita cewa an gan ta a wajen likitan ƙwaƙwalwa, kafin ta kai gida an mayar da ita taɓin hankali, kuma maganar na iya tasowa ranar da aka zo binciken aure. Ɗalibi na tsoron kada shugaban sashe ya ji, a ce ba zai iya karatun likita ko na lauya ba. Ga kuma doka: sashe na 231 na tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, da sashe na 327 na takwararta ta Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tanadin da Ghana ta soke a nata dokokin a 2023. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin sirri da kariya daga wariya, amma ɗalibi ba dokar yake gani ba, yana ganin wanda ya miƙa masa fom ne. Idan magatakardan rajista ne ya karɓi takardar ya jefa cikin fayil ɗin da kowa ke buɗewa, kowa sifili zai cike, kuma yana da hujja. Dole sakamakon ya tsaya a asibiti, cikewa ta zama ganin dama, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba zai shafi gurbin karatu ko ɗakin kwana ko sakamakon kowa ba. Musamman idan ana maganar yi wa ɗalibai gwajin ƙwaya, wajibi ne a raba biyun nesa da juna, domin da zarar ɗalibai sun ɗauki fom ɗin damuwa a matsayin wata hanyar kama mai laifi, ya mutu.

Akwai masu cewa abin da ke damun ɗalibanmu yunwa ce da tsadar rajista da cunkoson ɗaki da yajin aiki, irin na 2022 da ya cinye wata takwas, don haka kiran abin ciwo wata hanya ce ta kauce wa gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma jami'ar da ke raba fom tana barin mutum goma a ɗakin mutum huɗu ta cancanci a faɗa mata. Amma sanin musabbabi ba ya kore ciwo. Wanda ruwan rijiya mara tsabta ya sa wa taifod, ana ba shi magani a yau, a kuma gyara rijiyar. Hasali ma zaman da ake yi da ɗalibi bayan gwaji shi ne inda za a gano cewa matsalarsa kuɗin makaranta ce, a nuna masa hanyar rancen karatu ko asusun tallafi, ko a gano wani malami ne ya matsa wa ɗaliba lamba, a kai maganar inda ya dace.

Wasu kuma za su ce mai imani ba ya shiga damuwa, addu'a da tawakkali sun ishe shi, in abin ya yi ƙamari kuma a nemi mai ruƙiyya. Babu mai musun cewa ibada da jama'a suna ƙarfafa zuciya, kuma duk tsarin da ya raina wannan ba zai karɓu a Zariya ko Sakkwato ba. Amma ɗaukar ciwon a matsayin raunin imani ya saɓa wa tarihin malamanmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Ganin laifin kai na cikin alamun ciwon, don haka gaya wa mai shi cewa imaninsa ne ya yi rauni ƙara masa ciwo ne. Limaman masallatan jami'a da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da Kirista su ne mutanen da ɗalibi ke fara kai wa kuka, kuma da za a koya musu alamun, su san lokacin da za su ce a haɗa da asibiti, da sun fi kowane fom kamo masu ciwo.

Tambaya ta tara a fom ɗin ita ce ke tsorata shugabannin makarantu, suna ganin tambayar matashi ko yana tunanin mutuwa tamkar cusa masa tunanin ne. An gwada wannan. Madelyn Gould ta yi gwaji da ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a Jihar New York, ta wallafa a 2005 cewa waɗanda aka yi wa tambayar ba su fi sauran shiga damuwa ko tunanin ba, nazarce-nazarcen da suka biyo baya ma haka suka nuna. Haɗarin yana wajen a yi tambayar a bar amsar a cikin kwali. Duk wanda ya amsa ta da wani abu sama da sifili, a ranar ya kamata ƙwararre ya gan shi, kuma makarantar da ba za ta iya wannan alkawari ba ba ta kai ga fara gwaji ba.

Lokacin gwajin ma abin dubawa ne. Fom ɗin mako biyu kawai yake tambaya, kuma ranar rajista ita ce ranar da ɗalibi ya fi murna, ya fi kuma tsoron faɗin abin da zai sa a karɓe masa gurbi. Ciwon yakan bayyana ne daga baya, idan kuɗi ya ƙare a tsakiyar zango, ko sakamakon farko ya fito, ko a ajin ƙarshe lokacin rubuta kundin bincike. Ya fi dacewa a fara da ƙarami: duk ɗalibin da ya zo asibitin makaranta, ko da ciwon kai ne ya kawo shi, ma'aikacin jinya ya yi masa tambayoyi biyun farko cikin sirri, da harshen da ya fi sakewa da shi, in ya amsa da e a ƙarasa sauran bakwai. A miƙa irin wannan dama ga waɗanda sakamakonsu ya faɗi kwatsam da waɗanda suka nemi jingine karatu. A tabbatar magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline suna kantin asibitin ƙarƙashin inshorar lafiyar ɗalibai, a kuma gaya wa mai sha cewa sai ya yi makonni kafin ya ji sauƙi, don kada ya watsar a kwana na biyar. Bayan shekara a ƙirga mutum nawa aka gano, nawa suka dawo zama na biyu, nawa suka ci gaba da karatu, sannan a yanke shawarar faɗaɗawa.

Kira na ga shugabannin jami'o'i da daraktocin asibitocinsu shi ne su ware kuɗin horar da ma'aikatan jinya da masu ba da shawara a kasafin bana, su keɓe ɗaki mai ƙofa da ba a tsakiyar idon jama'a yake ba, su ƙulla yarjejeniya a rubuce da asibitin koyarwa mafi kusa, sannan su buga fom. Iyaye kuma, idan yaro ya daina ɗaga waya ko sakamakonsa ya rushe ba gaira ba dalili, a tambaye shi barcinsa da cin abincinsa kafin a hau shi da faɗa. Ɗalibin da ya karanta alamun nan ya ga kansa a ciki, kada ya jira makaranta ta kawo fom. Ya je asibiti a wannan makon ya faɗa wa likita abin da yake ji yadda yake, in kuma tunanin mutuwa ya fara zuwa masa, ya gaya wa wani da ya amince da shi yau, su tafi tare.